Sanarwar Sabha: In Kowa Ya Zama Mai Tsaro, Wa Zai Tsare Baƙo?

A ranar 2 ga watan Maris, 1977, wakilan jama'ar Libiya suka taru a Sabha, babban garin ƙasar Fezzan, aka karanta musu wata gajeriyar takarda wadda ake kira Sanarwar Kafa Ikon Jama'a. Waɗansu suna ce da ita Sanarwar Sabha. Takardar ta sāke wa ƙasar suna zuwa Jamahiriya, wato mulkin taron jama'a. Ta ce iko duka na jama'a ne, za su kuwa yi mulkin kansu ta wurin tarurruka da kwamitoci. Ta kuma ɗora tsaron ƙasa a wuyan kowane ɗan ƙasa, mace da namiji, ta yi alkawari za a horar da jama'a a ba su makamai. Mai wannan tunani shi ne Mu'ammar Gaddafi, wanda ya yi makarantar sakandare a garin, aka kore shi a 1961 saboda zanga-zanga, ya kuma ƙwaci mulki a 1969.

Sabha tana cikin hamada, fiye da kilomita 600 kudu da Tarabulus. Fezzan kuwa ba baƙuwar ƙasa ba ce ga Hausawa, gama ayarin Kano da na Barno sun daɗe suna ratsa ta, suna yada zango a Murzuk da fatu da tufafi da bayi. A wannan zamani ma samari masu neman kuɗi da masu niyyar ƙetare teku suna tashi daga Agadas, babban garin da suke fara isa a Libiya kuwa shi ne Sabha. Ya dace a auna wannan takarda da abin da ya sami garin da aka haife ta, domin maganar da ke cikinta ta dawo bakin mutane a ƙasar nan da sabuwar riga, wato cewa kowace al'umma ta ɗauki makami ta kāre kanta.

Gaskiyar da ke cikin takardar

Ba daidai ba ne a yar da takardar gaba ɗaya don ƙin wanda ya rubuta ta. Ta taɓa wani ciwo na gaske. A yawancin ƙasashen Afirka masu mulkin mallaka ne suka kafa aikin ɗan sanda, abin da suka sa a gaba kuwa shi ne tara haraji da murƙushe masu tayar da kai. Mutanen Libiya sun sha wuya ƙwarai a hannun Italiya, wadda ta tsare dubban mutane a sansanoni cikin hamada, ta kuma rataye Umar Mukhtar a 1931. Wanda ya gāji irin wannan tarihi yana da dalilin yin shakkar mai kaki. Talaka kuma ya san akwai bambanci tsakanin mai gadin da ya san sunan kowa a unguwa da wanda aka aiko daga nesa, ba ya jin harshen mutane, ba ya kuwa jin zafin abin da ya same su. Da takardar ta ce tsaro nauyin kowa ne, ta faɗi abin da kowane mai unguwa ya sani. Ɓarawo ba ya sakewa inda maƙwabta suke kula da juna.

Amma takardar ta yi shiru a kan tambayoyi biyu, a kansu kuwa aikin tsaro yake tsayawa ko ya fāɗi.

Wurin wa za a kai kuka?

Tambaya ta fari ita ce, idan mai riƙe da makami ya yi zalunci, wurin wa wanda aka zalunta zai kai kuka? Tunanin Gaddafi ya ƙi jam'iyyu, ya ƙi majalisar wakilai, yana cewa jama'a ba ta bukatar wani ya tsaya a madadinta. Daga nan abin ya zama cewa duk wanda ya yi aiki da sunan jama'a ba ya laifi, wanda ya yi ƙara kuwa ya zama abokin gāban jama'a. A cikin shekarar nan ta 1977 aka fara kafa kwamitocin juyin juya hali, waɗanda suka zama ido da kunnen gwamnati a makarantu da ofisoshi da unguwanni, suna kama mutane, har suna yanke musu hukunci. A 1984 an rataye mutane a gaban taro, aka nuna a talabijin. A watan Yuni na 1996 aka kashe fursunoni kimanin 1,200 a kurkukun Abu Salim a Tarabulus, iyalansu da yawa suka yi shekaru suna kai abinci da tufafi ƙofar kurkuku ba su san mutanensu sun mutu ba.

Makaman da aka yi alkawarin ba jama'a ma, masu ƙarfin cikinsu sun tsaya a hannun rundunoni na musamman waɗanda 'ya'yan shugaba da danginsa da amintattun kabilu suke shugabanta. Ɗansa Khamis yana da tasa runduna. Abdullahi Sanusi, mijin 'yar'uwar matarsa, shi ne babba a hukumar leƙen asiri. 'Yan sanda na kullum, masu bin sawun sata da rabon faɗa, aka bar su baya, ba kayan aiki, ba daraja. Shekara arba'in da biyu ƙasar ta yi tana koyon tsoron hukuma, ba ta koyi dogara ga doka ba.

Wace jama'a?

Tambaya ta biyu ta fi ta farin nauyi. Takardar tana maganar jama'a sai ka ce mutum ɗaya ne mai zuciya ɗaya. A Sabha kuwa akwai Larabawan Aulad Sulaiman, da Gadadfa dangin Gaddafi, da Magarha, da Tubawa, da Abzinawa, da tsofaffin mazaunan Fezzan, da baƙi daga kudu. Gwamnati ta fifita waɗansu, ta danne waɗansu. Tubawa da Abzinawa da yawa sun zauna shekara da shekaru ba su da cikakkiyar takardar zama 'yan ƙasa, waɗansunsu a unguwannin talakawa irin su Tayuri.

Da mulkin Gaddafi ya rushe a 2011, aka fasa rumbunan makamai. A lokacin ne maganar takardar ta cika a zahiri, gama kowa ya sami bindiga. Sabuwar gwamnati ba ta da ƙarfin karɓe makaman, sai ta shiga biyan ƙungiyoyin mayaƙa albashi, tana kiransu jami'an tsaro. Suka karɓi kuɗin hukuma, amma biyayyarsu ta tsaya ga shugabanninsu da kabilunsu. An ba kura ajiyar nama ke nan.

Ba a daɗe ba aka ga sakamako. A watan Maris na 2012 kisan mutum ɗaya ya jawo yaƙi tsakanin Tubawa da Larabawan Sabha, gwamnati ta ce mutum 147 suka mutu cikin kwanaki kaɗan. A Janairu na 2014 faɗa ya sāke tashi, har aka kawo mayaƙa daga Misrata, can bakin teku, su tsaya a tsakani. A Nuwamba na 2016 birin wani mai kanti Bagadadfe ya fāɗa wa 'yan mata 'yan makaranta, ya fizge ɗankwalin ɗayarsu. Mutanen Aulad Sulaiman suka kashe Gadadfa uku da birin. Aka kwana huɗu ana faɗa da tankokin yaƙi da manyan bindigogi, mutum 16 aƙalla suka rasu. Jaridun duniya sun ba da labarin kamar abin dariya, amma babu abin dariya a ciki. A garin da yake da ɗan sanda wanda kowa ya yarda da shi, wannan magana ce ta yini ɗaya: a kira mai biri, a ba yarinya da iyayenta haƙuri, a ci shi tara. A Sabha kuwa ɗan sanda yana da kabila, wanda zai kama ma yana da kabila, kamun kuma sai a ɗauke shi a matsayin harin wannan gida a kan wancan. Saboda haka ɗan sanda ya kan ga laifi ya kau da kai, don ya ceci ransa da na 'yan'uwansa. An ƙulla sulhu a Roma a 2017 tsakanin Tubawa da Aulad Sulaiman, duk da haka aka koma faɗa a 2018.

Wanda ba shi da kabila

Inda kabila ce garkuwar mutum, wanda ba shi da kabila ya zama nama. A watan Afrilu na 2017 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da masu ƙaura, wato IOM, ta bayyana shaidar wani ɗan Senegal wanda aka ɗauko daga Agadas zuwa Sabha. Direban ya ce ba a biya shi kuɗin mota ba, sai ya kai fasinjojinsa wani fili inda ake cinikin mutane. Aka sayi mutumin, aka kulle shi a wani gida tare da mutum fiye da 100, ana dūkansu suna kuka a waya domin iyayensu su ji su aiko da kuɗi. An nemi sefa 300,000 a kansa, da bai iya biya ba aka sayar da shi ga wani gida inda kuɗin ya zama 600,000. Hukumar ta ce ana sayar da mutum tsakanin dala 200 zuwa 500. Abin da ya fi ban kunya, shaidar ta nuna akwai 'yan Gana da 'yan Nijeriya cikin masu yi wa masu cinikin aiki.

A fili aka yi wannan ciniki, a garin da kusan kowane gida yake da bindiga. Makamai ba su yi kaɗan ba. Abin da aka rasa shi ne mutum ɗaya wanda aikinsa ne ya tsaya wa baƙon da ba zai iya sāka masa da kome ba, da kotun da za ta goyi bayansa in ya yi haka.

A Janairu na 2019 sojojin Khalifa Haftar suka shiga Sabha da sunan kawo doka da oda. Amma ƙarfin soja dabam, mulkin doka dabam. A Nuwamba na 2021, ana shirin zaɓen shugaban ƙasa, hukumar zaɓe ta hana Saiful Islam, ɗan Gaddafi, tsayawa takara, shi kuwa ya ɗaukaka ƙara a kotun Sabha. Masu bindiga suka tare kotun kwana da kwanaki, suka hana alƙalai zama. Ko mutum yana ƙin mai ƙarar, ya kamata ya ga hatsarin da ke nan, gama in masu gadin kotu ne suke zaɓar shari'ar da za a ji, to babu kotu. Zaɓen da aka sa ranar 24 ga Disamba, 2021, bai yiwu ba. Mutanen Libiya sun riga sun fita sun jefa ƙuri'a a watan Yuli na 2012 da murna ƙwarai, amma ƙuri'a ba ta iya tsare kanta. A 2023 kuma masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya suka ce akwai dalilin gaskata cewa an aikata manyan laifuffuka a kan baƙi a Libiya, da hannun ƙungiyoyin mayaƙa da na jami'an hukuma.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya nuna

Mai karatun da ya san surori uku na ƙarshe na Littafin Mahukunta zai gane Sabha. Wani Balawe matafiyi ya sauka a Gibeya da ƙwarƙwararsa, 'yan iskan gari suka yi wa matar fyaɗe har ta mutu. Da sauran kabilu suka nemi a ba da masu laifin, mutanen Biliyaminu suka ƙi, domin nasu ne. Aka yi yaƙin da ya kusa shafe kabila guda daga Isra'ila, masu ramuwar kuma suka aikata nasu mugayen abubuwa. Marubucin ya danganta wannan duka ga rashin mai mulki, da kowa yake bin ganin damarsa. Kowane namiji a wannan labari yana da takobi, amma baƙuwar ba ta sami mai ceto ba.

Shari'ar Musa ta san hatsarin ramuwar dangi. Shi ya sa a Littafin Ƙidaya sura 35 aka keɓe biranen mafaka shida, inda wanda ya yi kisa ba da gangan ba zai gudu har a ji maganarsa a gaban taro, aka kuma hana yanke hukuncin kisa a kan bakin mashaidi ɗaya. An faɗa a sarari cewa biranen na baƙo ne kamar yadda suke na ɗan gida.

A Sabon Alkawari, sa'ad da sojoji suka zo wurin Yahaya Maibaftisma, bai umarce su su bar aikin ba. Ya hana su ƙwace da ƙazafi, ya ce albashinsu ya ishe su (Luka 3:14). Manzo Bulus, wanda ya koyar a Romawa 13 cewa mai mulki bawan Allah ne don amfanin mutane, shi ne kuma ya ƙi fita daga kurkukun Filibi a ɓoye, sai da mahukuntan da suka sa aka dūke shi ba shari'a suka zo da kansu. A Urushalima shugaban sojan Roma ya ƙwace shi daga hannun taron da yake neman kashe shi. Wannan shugaba ya so a yi masa bulala, amma ya janye da aka tuna masa da doka, daga baya kuma ya sa sojoji suka raka shi Kaisariya da dare domin ya tsira daga masu kwanto. Mutumin ba mai bi ba ne, ba kuwa dangin Bulus ba ne. Amfaninsa shi ne ba ya cikin ɓangarorin da suke faɗa, akwai kuma doka a bisansa wadda yake tsoro.

Abin da ya ci Doma

Nijeriya ta taɓa gwada 'yan sandan gida. Kafin 1966 kowace En'e a Arewa tana da 'yan doka da dogarai. Sun san ƙasa, sun san mutane, amma masu mulki sun yi amfani da su a kan 'yan adawa, musamman 'yan NEPU, zaluncin En'e kuma yana cikin abubuwan da suka hura wutar tarzomar ƙasar Tibi a 1960 da 1964. Hukumar Willink ta 1958, wadda ta saurari tsoron ƙananan kabilu, ta ga 'yan sandan tarayya a matsayin kāriya gare su. Bayan juyin mulki gwamnatin soja ta narkar da 'yan doka cikin rundunar tarayya, sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 kuma ya tsaya a kan runduna ɗaya.

Wannan runduna ɗaya ba ta cika alkawari ba, ba kuwa wanda zai ce wa mutanen Bokkos da Barikin Ladi, waɗanda aka kashe musu mutane fiye da ɗari a jajibirin Kirsimati na 2023, su gamsu da taken nan na cewa ɗan sanda abokin kowa ne. Zanga-zangar EndSARS ta Oktoba 2020 ta nuna yawan fushin matasa. Tun a Maris 2018 Janar T. Y. Danjuma ya faɗa a Jalingo cewa mutane su tashi su kāre kansu, mutane da yawa kuma suka ji ya faɗi abin da ke zuciyarsu. Jihohi ma sun kafa nasu, kamar rundunar tsaron al'umma ta Katsina a 2023 da Askarawan Zamfara a 2024.

Mutumin da aka zo kashe iyalinsa da dare yana da hakkin tsare ƙofarsa, Nehemiya ma ya sa masu tsaro sa'ad da ake gina garu. Amma akwai tazara mai yawa tsakanin tsare ƙofa da zama alƙalin hanya. A Zamfara kashe-kashen da 'yan sa kai suka yi wa Fulani ba shari'a suna cikin abubuwan da suka ƙara wa ta'addancin daji ƙarfi. A Agusta 2021 aka tare matafiya Musulmi a hanyar Rukuba a Jos, aka kashe fiye da 20. A Mayu 2022 taron ɗalibai ya kashe Deborah Samuel a Sakkwato. A Maris 2025 'yan banga suka tare motar mafarauta 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo, taro ya kashe 16. Waɗanda suka aikata waɗannan abubuwa sun ɗauka suna kāre jama'arsu ne ko addininsu. Kowane ɗan gida kuwa baƙo ne da zarar ya shiga mota ya bar garinsu, Kiristan Arewa kuma ya fi kowa sanin zaman tsiraru.

Don haka duk tsarin da aka kawo, ko 'yan sandan jiha ne, ko 'yan sintirin unguwa, ya kamata ikkilisiya ta yi masa tambayoyin da Sanarwar Sabha ta tsallake. Wa ya ɗauki waɗannan mutane aiki, an kuwa rubuta sunayensu? Akwai 'yan kowace kabila da kowane addini na wurin a cikinsu? In sun kama mutum, suna miƙa shi ga hukuma da rai da lafiya, ko su ne masu hukunci? In sun yi laifi, wa yake da ikon kama su, gwamna kuma zai iya juya su a kan masu adawa da shi ranar zaɓe? Dokar 'yan sanda ta 2020 ta tanadi kwamitocin haɗin kai tsakanin 'yan sanda da al'umma. Ya kamata dattawan ikkilisiya da shugabannin zumuntar mata da na matasa su nemi kujera a ciki, su zauna tare da limamai da masu unguwa, su riƙa kai ƙorafi a rubuce, suna bin sawunsa.

Akwai kuma aikin da ke cikin gida. Masu bi da suke aikin ɗan sanda suna bukatar koyarwa da addu'a, da ikkilisiyar da za ta tambaye su inda kuɗin baikonsu ya fito, ta kuma tsaya musu in sun ƙi cin hanci aka tsananta musu. Mai ba da toshiya a shingen hanya yana da nasa rabo cikin ɓata aikin. Gwaji mafi wuya kuwa yakan zo ne ranar da mai laifin ɗan ikkilisiya ne, wanda aka cuta kuma baƙo ne mai wani addini. A nan mutanen Biliyaminu suka fāɗi. Ikkilisiyar da ta miƙa nata ga shari'a a irin wannan rana, ta kuma ɓoye baƙon da taro yake kora, ita ce take da bakin neman adalci ranar da abin ya juyo kanta.